Amsoshin Tambayoyinku: Ƙananan Motocin Ƙarfe da Masu Tara Su

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun da na ware na wannan mako duk a kan abu guda suke, wato ƙananan motocin nan na ƙarfe da wasu ke saya wa yara, wasu kuma ke tarawa suna adanawa tamkar zinari. Bismillah.

Ta farko daga Zariya ta fito. Mai wasiƙar ya ce bayan rasuwar mahaifinsa, suna gyaran akwatinsa sai suka tsinci wata 'yar motar ɗaukar kaya da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. A ƙarƙashinta an rubuta sunan Lesney, da kuma cewa a Ingila aka yi ta. Yana tambaya: wane ne Lesney, kuma motar tana da wata daraja?

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, Lesney ba sunan mutum ba ne. Kamfani ne da wasu abokai biyu, Leslie Smith da Rodney Smith, suka kafa a Landan a 1947, suka ɗauki farkon sunan wannan da ƙarshen sunan wancan suka haɗa. Daga baya wani gwanin zubin ƙarfe mai suna Jack Odell ya shigo cikinsu. Labarin da ya shahara shi ne, makarantar su 'yarsa ta hana yara zuwa da kowane abin wasa sai wanda zai shiga kwalin ashana, shi kuwa ya ƙera mata 'yar motar daɓen titi daidai wannan girma. Daga nan aka samo sunan Matchbox, ma'ana kwalin ashana, kuma a 1953 suka fara fitowa kasuwa cikin kwalaye masu kama da na ashanar. Kamfanin ya durƙushe a 1982, sunan ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa kamfanin Mattel na Amurka a 1997. To ka ga ke nan, muddin sunan Lesney na jikinta, motar Baba ta haura shekara 40.

In kana son ƙara matso da shekarunta, dubi tayoyin. A 1969 Lesney ya fara sauya su zuwa wasu masu sulɓi a kan siririyar waya, ya sa musu suna Superfast, saboda motocin Amurka sun shigo suna ƙwace masa kasuwa da gudu. Idan tayoyin taka sirara ne, a kan sandar ƙarfe mai ɗan kauri, ba sa kuma juyawa da sauri, to ta girmi wannan sauyi.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya zan gaya maka: an yi irin waɗannan motoci miliyoyi, don haka tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Abin da masu saye ke bi shi ne fenti bai goge ba, kwalin asali yana nan, ko kuma launin ya zamo wanda aka fitar kaɗan. Roƙona guda, kada ka sake mata fenti. A wurin masana, da an shafa mata sabon fenti darajarta ta faɗi. A wurinka kuma, goguwar nan da kake gani, hannun Baba ne ya yi ta.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce maigidanta ya yi shekaru yana tuƙa Fijo 504, har yau hirarta ba ta fita bakinsa, tana so ta sayo masa 'yar ƙaramarta ta intanet. Amma lambobin da ake rubutawa, 1:18 da 1:43 da 1:64, sun rikita ta.

Hajiya, Allah ya bar ƙauna. Lambobin nan ma'auni ne, suna faɗa miki sau nawa aka rage girman motar gaske. Tsawon 504 kusan mita 4 da rabi ne. Raba shi gida 18, za ki samu santimita 25, fiye da taƙi guda. Wannan ita ce babbar, wadda galibi ƙofofinta ke buɗewa, a ɗaga bonet a ga inji, a murɗa sitiyari tayoyin gaba su juya. Raba shi gida 43, ya zama santimita 10 da 'yan kai, ta zauna a tafin hannu. Gida 64 kuwa santimita 7 ne kacal, girman waɗanda ake ratayewa a kanti. Wato yadda lambar ke hawa, haka motar ke ƙanƙancewa. Shi ma'aunin 1:43 daga jiragen ƙasa na wasa aka gado shi, domin motocin Dinky da kamfanin Meccano ya fara yi a Libaful a 1934, asalinsu kayan ƙawata hanyar jirgin ne.

Ki nemi sunan Norev ko Solido, dukansu na Faransa ne, kuma sun yi 504. Norev ɗin ma sunan iyalin da suka kafa shi ne, Véron, aka karanto daga baya, kuma ɗaya daga cikin 'yan'uwan ne ya kafa wani kamfanin ƙananan motocin, Majorette, a 1961. Da ni ne, 1:43 zan zaɓa: ba ta cin wuri, kuɗin aikowa da sauƙi, kamanninta kuma sun fito. Sai dai ki karanta bayanin mai sayarwa da kyau, domin akwai waɗanda da wani ƙaro mai kama da roba ake yin su, ba ƙarfe ba, ba abin da ke buɗewa a jikinsu, kuma faɗuwa ɗaya ke fasa su. Sannan ki bugi cikinsa da dabara ki ji launin tasa, da kuma ko salun ce, ko wagon, ko a-kori-kura. Mu nan Nijeriya da aka yi ta haɗa Fijo a Kaduna tun 1975, da wuya ka samu gidan da ba shi da labarin 504. Na sha ganin dattijo ya riƙe 'yar ƙaramarta ya yi shiru, sannan ya fara lissafo garuruwan da ya je da ita.

Wani ɗalibi daga Garwa ya haɗa tambayoyi biyu: me ya sa suke da nauyi haka, kuma me ya sa wata tsohuwa da ya saya wurin 'yan gwanjo take tsattsagewa alhali ba ta faɗi ba?

Ƙanena, ka taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane? Su narka ƙarfe su zuba a mazubin yashi, su fasa su ciro tukunya. To dangin aikin ne, sai dai nan mazubin na ƙarfe ne mai tauri da ake amfani da shi sau dubbai, kuma inji ne ke tunkuɗa narkakken ƙarfen da ƙarfi har ya shiga kowane lungu. Shi ya sa har mariƙin ƙofa ke fitowa. Ƙarfen kansa haɗi ne da ake kira zamak: mafi yawansa tutiya ce, sai alminiyon kusan kashi 4 cikin 100, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Tutiyar ce ke ba ta nauyi.

Tsattsagewar kuwa ciwo ne sananne. Idan dalma ta gauraya da haɗin tun wurin narkawa, ko da 'yar kaɗan ce, bayan shekaru sai ƙarfen ya fara kumbura daga ciki, fenti ya yi bororo, jiki ya dare. An fi ganin haka a motocin da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma yana bayyana a wasu na bayan yaƙin da ba a tsaftace ƙarfensu ba. Ba shi da magani, ba ya kuma yaɗuwa zuwa sauran motocinka. Laima ce ke ƙara masa gudu, don haka da damina ka nisanta ta daga bango mai jiƙa. Su kuwa lafiyayyun, abokan gabarsu a ƙasarmu rana ce da ƙura. Rana na kashe launi, tana mayar da robar gilashi rawaya, zafi kuma na sa tayar roba ta yi danƙo ta manne da abin da take kai. Lokacin hunturu kada ka goge ƙura da tsumma, domin karce fenti take yi. Sa buroshi mai laushi, ka ajiye su a kabat mai gilashi.

Daga Kano wani matashi ya ce ya ji an kimanta wata 'yar motar Hot Wheels a kan kuɗin da za su sayi gida, saboda haka yana shirin zuba jarinsa ya sayi katan-katan ya ɓoye. Ya ƙara da cewa ya riga ya samu wata mai ɗauke da shekarar 1968 a ƙasanta.

Abin da ka ji gaskiya ne. 'Yar bas ce ƙirar Volkswagen, ruwan hoda, da aka yi a 1969, shekara guda bayan Mattel ya fito da Hot Wheels da motoci 16 na farko. Gwaji ce kawai. Da aka ga ta yi siranta, tana kuma kifewa a kan hanyar tseren, sai aka sauya fasalinta, ba a kai waccan kasuwa ba. Ƙarancinta ne ya sa ake maganar fiye da dala dubu 100 a kanta. Amma Hot Wheels da aka buga tun daga lokacin sun kai biliyoyi, kuma abin da kowa ya saya ya ɓoye ba ya zama abin nema. Ita kuwa 1968 ɗin nan, shekarar rajistar ƙirar ce, ba shekarar da aka zuba motar ba, ana iya ci gaba da buga ƙira ɗaya shekaru da dama da lambar nan a jikinta. Duba tayoyin: na farkon suna da jan zobe, kuma a Amurka ko Hon Kon aka yi su. In ka ga an rubuta Malesiya ko Tailan a ƙasanta, daga baya aka yi ta. Ɗan'uwa, ban ba ka shawarar sa jarinka a nan ba. Masu sayen da za su biya tsada suna nesa, kuɗin aikawa da na kwastan za su cinye ribar. Sayi wadda ranka ke so da abin da ba za ka ji zafinsa ba.

Ta ƙarshe daga wani uba ce a Kumasi, wanda ya ce ɗansa ya haura shekara 30, yana da iyali, amma har yanzu yana tara motocin yara, abin yana damunsa.

Baba, na fahimci damuwarka. In abin bai taɓa cefanen gida ba, bai kuma jefa shi bashi ba, ni ban ga aibunsa ba. Yawancinmu mun tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, muna gardama a kan wace ce ta fi kama da tirelar gaske. Wannan idon ne bai mutu a wurin ɗanka ba. Ka sa shi ya ɗauko maka guda ka tambaye shi tarihinta, ka ji abin da zai faɗa. Kashedina kawai a kan jikoki ne: tayoyi da madubai na ɓallewa, yaron da bai kai shekara 3 ba yana iya haɗiyewa, tsofaffin motocin kuma fentinsu na iya ɗauke da gubar dalma, don haka a ɗaga su sama.

Nan za mu dakata, lokaci ya cim mana. Malam na Zariya, duba ƙarƙashin motar Baba, galibinsu suna da lamba tsakanin 1 da 75. Aiko mana da ita tare da launin motar, in Allah ya kai mu mako mai zuwa mu duba ko wace ce. A huta lafiya.