Lissafin Saye da Sayarwa: Fara da Kuɗin Guda Ɗaya

Assalamu alaikum, masu kallo. Yawancin tambayoyin lissafi da suka shafi farashi da yawan kaya, ko a takardar jarrabawa ko a kasuwar Sabon Gari, hanyarsu guda ce: nemo kuɗin guda ɗaya tukuna.

Ga misali a allo. Ƙwai 6 naira 1,200 ne, nawa ne ƙwai 15? Kada ku yi gaggawar ninkawa. A raba 1,200 gida 6, kowane ƙwai ya tashi naira 200. Sai a ce 200 sau 15, naira 3,000 ke nan. Da kiret biyu aka tambaya, sai a fara mayar da shi ƙwai, tunda kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Haɗa kiret da ƙwai, ko dozin da guda, a layi ɗaya shi ke jawo wa ɗalibai asarar maki.

Yanzu ga wanda ya fi wahala. A ce wata baiwar Allah ta saro buhun masara naira 40,000, aka ce tiya 40 ne a ciki. Da yawa za su ce ai tiya naira 1,000 ce. A'a. Ta biya ɗan dako 500, ta biya kuɗin mota 1,500 zuwa Tudun Wada. Uwar kuɗinta 42,000 ce, don haka tiya ta tashi 1,050.

Ba a nan ya tsaya ba. Wajen awo ana yin tozo, ana ba mai saye gyara, ga tsakuwa da ƙaiƙayi da aka fitar. Sai buhun ya ba da tiya 38. To, da 38 za a raba, wato abin da ya sayu, ba abin da aka ce mata yana ciki ba. 42,000 a raba gida 38, naira 1,105 da 'yan kwabbai. In ta sayar a 1,100 tana ganin ta ci ribar naira 50 a kowace tiya, ku ninka ku gani: 1,100 sau 38, 41,800. Ta faɗi da naira 200, ban da wahalarta.

In aka ce a faɗi riba kashi nawa ce cikin ɗari, a kan uwar kuɗi ake aunawa, ba kuɗin da aka sayar ba. Ribar 4,200 a kan 42,000 kashi 10 ce cikin 100.

Sai a kula, ba kullum ƙarin yawa ke kawo ƙari ba. Leburori 4 da ke gama aiki a kwana 6, in suka zama 8 kwana 3 za su yi, ba 12 ba.

Kafin ku rubuta amsa, ku mayar da ita cikin tambayar. 200 sau 6 ya dawo 1,200? In bai dawo ba, ku koma wajen rabawar, galibi can sifili ya zame.