Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa Fafaroma Francis ya riƙa wanke ƙafafun fursunoni?

Wani mai sauraronmu daga Jos ya aiko da tambaya cewa ya ga hoton marigayi Fafaroma Francis a durƙushe yana wanke ƙafar wani fursuna, shin wannan ibada ce ko kuwa neman suna ne?

To, malam, al'adar ta samo asali ne daga sura ta 13 ta Bisharar Yohanna, inda aka ba da labarin cewa a daren da za a kama Yesu Almasihu, ya tashi daga wurin cin abinci, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa, har Bitrus ya ƙi yarda da farko. A wancan zamani wanke ƙafar baƙon da ya sha ƙurar hanya aikin bawa ne, shi ya sa abin ya yi wa Bitrus nauyi. Da Yesu ya gama, sai ya ce musu misali ya ba su, su ma su riƙa yi wa juna haka. Saboda haka ne majami'u da dama suke maimaita wannan aiki a ranar Alhamis ta gabanin Ista.

Abin da Francis ya sauya shi ne wurin da kuma mutanen. Fafaroman da suka gabace shi galibi ƙafafun limaman coci goma sha biyu suke wankewa a cikin babbar majami'a. Shi kuwa, makonni biyu kacal da hawansa, a ranar 28 ga Maris 2013, sai ya nufi gidan gyaran halin matasa na Casal del Marmo a birnin Rum, ya wanke ƙafafun matasa goma sha biyu ya kuma sumbace su, ciki har da 'yan mata biyu da wasu Musulmi. Masu ra'ayin riƙau sun yi ta ƙorafi, domin ƙa'idar cocin a lokacin maza kawai ta ambata, kuma sai a 2016 aka gyara ta. A shekarar ce ya je sansanin 'yan gudun hijira na Castelnuovo di Porto da ke kusa da birnin Rum, kuma 'yan Najeriya huɗu na cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa.

Game da zargin neman suna, a ganinmu da wuya mai neman suna ya dawwama a kan abu ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare. A 2024, yana kan keken guragu, ya wanke ƙafafun mata goma sha biyu a gidan yarin Rebibbia da ke birnin Rum, wasunsu suna ta sharar hawaye. Tun yana babban limamin Buenos Aires a Ajantina, kafin duniya ta san shi, yake yin haka a asibitoci da gidajen yari.