Jiragen Liberty da Yadda Ake Haɗa Samfurinsu

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Jirgin da ke kan teburin nan samfurin Liberty ne, jiragen dakon kaya da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, a ma'aikatu 18. Tsawon kowanne mita 134 da rabi, rumbunan kaya biyar, farfela ɗaya. Da farko jirgi ɗaya yakan ci sama da kwana 200, daga baya aka dawo kwana 42. Wanda ake kira Robert E. Peary ma, a Nuwamban 1942, kwana huɗu da awa goma sha biyar da rabi aka yi aka tura shi ruwa.

Sirrin wannan sauri walda ce. Ana haɗa manyan sassa a gefe, kuren, wato injin ɗaga kaya, ya ɗauko ya ajiye, a liƙe. Amma a nan matsalar ta ɓullo. A sanyin Tekun Atlantika wasu jiragen suka riƙa tsagewa, har aka samu waɗanda suka rabe biyu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen ne ke yin gautsi idan sanyi ya yi yawa. Tsagar takan faro daga kusurwar bakin rumbu, kuma da yake jikin a liƙe yake gaba ɗaya, babu gaɓar da za ta tare ta. Sai aka ƙarfafa kusurwoyin, aka ƙara faranti masu ribiti, wato ƙusoshin ƙarfe da ake haɗa faranti da su.

To, mai haɗa samfuri ya kula. Kada ka ce duk walda ce ka goge jikin sumul da sanfefa. Jirgin Liberty mai suna John W. Brown da ke Baltimo yana da ribiti da yawa a jikinsa. Ka zaɓi jirgi ɗaya, ka bi hotunansa.

A ma'aunin 1 bisa 350, wato an raba tsawon ainihin jirgin da 350, irin samfurin roba na kamfanin Trumpeter, tsawon santimita 38 ne. Wannan na ado ne. Gam kaɗan, da bakin allura, don idan ya yi yawa yana cin robar.

Wanda zai sa nasa a ruwa, ga inda akasari ake tuntuɓe. A 1 bisa 96 tsawon mita 1.4 ne, amma nauyi ba haka ake raba shi ba, sai an raba da 96 har sau uku. Jirgin da lodi ya kai tan 14,400, saboda haka samfurin yana neman kilo 16. Mutane sukan ƙera mai kilo biyar, sai ya tsaya bisa ruwa kamar ƙwarya, rabin farfela a waje, iska kaɗan ta kifar da shi. Ka jera dalma da batir can ƙasan ciki, ka gwada a baho har ruwa ya kai layin lodi, wato inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi idan an cika shi da kaya, gaba da baya, sannan ka liƙe dalmar don kada ta zame. Gudu kuma kada ya wuce santimita 60 a daƙiƙa, shi ne daidai da kilomita 20 a awa na ainihin jirgin.