Daga Berlin: 'yar jaridar da ta ƙi goge muryoyin mutane

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin Berlin ya fara shigowa. Yanzun nan na fito daga shagon littattafai, bari in matso muku da abin da na sayo kusa da kyamara.

Marubuciyar ita ce Svetlana Alexievich, 'yar Belarus, a garin nan take zaune tun da ta baro ƙasarsu a 2020. A Minsk, babban birnin Belarus, ta karanta aikin jarida, ta gama a 1972, ta fara da ƙananan jaridu. Aikin da muka sani ne: a tura ka ka ɗauko rahoto, edita ya datse, gobe wani labarin ya danne shi.

Ni ma na yi shekaru a ɗakin labarai. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, ka zauna da uwar da ta rasa ɗanta, ta yi awa guda tana faɗa maka abin da ke zuciyarta, a ƙarshe daƙiƙa 20 za a saka. Sauran yana nan cikin rikoda har ranar da za a goge.

Ita ba ta goge ba. Ta bi ɗaruruwan matan da suka yi yaƙin duniya na biyu a rundunar Sobiyet, gida gida. Ba garin da aka ci da yaƙi ne ya dame ta ba. Sai ta bar su suka ba ta labarin ranar da aka yanke musu gashi, da takalman maza da suka yi musu yawa. Littafin ya fito a 1985. Wanda ta rubuta kan sojojin Sobiyet da aka dawo da gawarwakinsu daga Afghanistan kuwa, har kotu ya kai ta a Minsk.

Wannan na hannuna na Chernobyl ne, a ƙasar Ukraine, inda tashar nukiliya ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986. Kusan shekara 10 tana sauraron mutane fiye da 500 kafin ya fito a 1997. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi.

Na leƙa shafukan farko tun ina cikin shagon. Matar wani ɗan kwana-kwana ce take magana, an hana ta rungumar mijinta a asibiti a Moscow saboda tururin nukiliya, ga ta da ciki ta ɓoye wa likitoci. Wallahi sai da na rufe littafin na ɗan tsaya.

To ga jirgina nan ya iso, a ciki zan ci gaba.