Wane ruwa za a tsoma naman gwaji a ciki?

Kun ga wannan 'yar kwalbar? Kaluluwa ce a ciki, yanzu likita ya ciro ta daga wuyan wani yaro a Marwa ta arewacin Kamaru, za a aika Yawunde a duba ko tarin fuka ne ko ciwon daji. Ga nisa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, nama kuwa da zarar ya rabu da jini sai ya fara narkewa. Sai an tsoma shi a ruwan da zai kama shi, ya hana shi lalacewa.

A da, in aka ce kaluluwa ko ɓargo, ma'aikatan ɗakin gwaji ruwan kama nama mai suna B5 suke ɗauka, ko wanda ake kira Zenker. Gaskiya suna fito da cikin ƙwayar halitta tar-tar a madubin ɗakin gwaji. Amma dukansu da zaiba a ciki. Tana cin ƙarfe, tana barin baƙin ɗigo a nama sai an wanke da aidin. Sannan ragowar ruwan fa, ina za a kai shi? Aka zuba a kwata, in mayo, wato rafi, ya kawo ruwa da damina, ya kwashe ya kai inda ake kamun kifi. Abin da ya faru a Minamata ta Japan ke nan, da dattin masana'anta, har aka sa wa yarjejeniyar rage zaiba ta 2013 sunan garin.

Madadinta tutiya ce, wato zinc. Fomalin (shi ma ruwan kama nama ne) mai tutiya, wani lokaci da ɗan asid na asetik, yana ba da hoto kusa da na B5, ba wankin aidin.

Sauran aiki kuwa, fomalin kashi 10 cikin 100 ya wadatar, amma wanda aka daidaita tsaminsa. Nan ake yawan tuntuɓe. Fomalin da ya daɗe a zafi yana tsami, sai ya bar baƙin launi a nama mai jini, mai kama da wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari. A ƙasarmu wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Ruwan ya ninka naman sau 10 aƙalla. Yana ratsa kamar milimita ɗaya a awa, don haka babban ƙari a tsaga shi. Na nono ya yi awa 6 zuwa 72 a ciki. Ku rubuta lokacin tsomawa a jikin kwalbar, ku buɗe taga, ku sa safar hannu, don tururin fomalin ma yana jawo daji.