Wa ke riƙe da makullin kowane sashe a buɗaɗɗiyar manhaja?

Assalamu alaikum masu kallo. Ku leƙa Farm Centre da hantsi, ku dubi wayoyin da aka jera cikin gilashi. Duk wadda take Android a cikinsu, a ƙarƙashinta akwai Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland. Ya bar rubutunta a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Yau dubban mutane ne ke sa hannu a cikinta. To, wa yake cewa wannan gyaran ya shiga, wancan kuma a mayar wa mai shi?

Bakano ba zai sha wuyar gane amsar ba. Rigimar magudanar ruwa a lungu ba a fara kai ta fada. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi. Haka aka karkasa Linux: sashen sadarwa daban, na sauti daban, na USB daban, kowanne da mai kula da shi. Har fayil guda aka ware, sunansa MAINTAINERS, wanda ya jera sassan da masu riƙe da su.

A ce wata ɗaliba a Gwale ta gano kuskure a sashen sauti. Ba Torvalds za ta tura wa gyaranta ba. Mai kula da sashen ne zai bi shi layi-layi, ya ce mata nan bai yi ba, nan kuma ki ƙara bayani. Ta gyara, ta sake turowa, wani lokaci har sau uku ko huɗu. In ya gamsu sai ya sa hannu, ya haɗa da na sauran, ya miƙa sama. Shi kuwa Torvalds mako biyu yake buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa, sannan a rufe a shiga gwaji. Kusan duk bayan mako tara ko goma sabon zubi yake fitowa.

Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a Amurka a 1999, nata salon daban ne, kuma gaskiya shi ya fi kwanta mini a rai. Ɗaruruwan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja ne a ƙarƙashin inuwa ɗaya, amma hukumar da ke sama ba ta ce wa kowa ga yadda zai rubuta manhajarsa. Kowane aiki da kwamitinsa, kwamitin kuma ya kai rahoto duk bayan wata uku. Kujera a kwamiti ta mutum ce, ba ta kamfanin da ke biyansa albashi ba, ko ya canza wurin aiki da kujerarsa yake tafiya. Ƙuri'a iri uku ce: +1 na yarda, 0 ba ni da ta cewa, -1 ban yarda ba. Wanda ya jefa -1 a kan wani gyara ya tsayar da shi, amma dole ya kawo hujja ta aiki. "Bai yi mini ba" kawai ba hujja ba ce. Sannan ba a fitar da sabon zubi sai aƙalla 'yan kwamiti uku sun ce sun yarda.

Ku riƙe wannan ukun, za mu dawo kansa.

Shugaba ma yakan gaji. A 2018 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, wani harshen rubuta manhaja da shi ma yake a buɗe, ya ajiye jagorancinsa bayan doguwar taƙaddama a kan wani sauyi. Jama'arsa ba su watse ba, suka zauna suka tsara majalisar mutum biyar da ake zaɓa, ta fara aiki a 2019.

Inda abin yake damuna shi ne ƙaramin aikin da kowa ke dogaro da shi amma ba mai leƙa shi. Akwai wata 'yar manhajar matse fayil, xz, da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita, ba albashi, ga gajiya, ga masu matsa masa lamba. Sai wani ya ɓullo da sunan Jia Tan, ya yi ta taimako kusan shekara biyu, har aka amince da shi aka ba shi makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya dasa ƙofar sirri da za ta iya ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai kau da kai ba, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu.

Ita xz ba ta da kwamiti, ba ta da wata hukuma da take kai wa rahoto. A Apache kuwa, aikin da ya rasa mutum uku masu sa ido ba a barinsa ya ci gaba da fitar da kaya. Ana mayar da shi ma'ajiyar da suke kira Attic, rubutunsa na nan ga mai son karantawa, amma an sanar da duniya cewa babu mai kula da shi yanzu.