Aikin da ake yi kafin ciki ya fito

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Katsina da kewaye. Ku dubi ƙwayar riɗin nan da ke tafin hannuna. Mako guda bayan mace ta yi ɓatan wata, abin da ke mararta bai fi wannan girma ba.

Amma tafiya ta riga ta yi nisa. Ba a cikin mahaifa ƙwan mace da maniyyi ke haɗuwa ba, a bututun da ke gefenta ne. Ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, tana gangarowa a hankali, sai bayan kwana 6 zuwa 10 ta samu bangon mahaifa ta manne.

A nan lissafi kan rikita mutane. A asibiti, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake fara ƙirga, duk da cikin bai shiga ba sai kamar mako 2 bayan nan. Da wannan ƙirgen ake cewa mako 40, wato kwana 280. Shi ya sa malamar awo ke nace wa tambayar nan: "Yaushe rabonki da al'ada?"

To ku saurara, domin nan ne gaɓar. A mako na 6 zuciya ta fara bugawa. A daidai lokacin kuma wani ɗan siririn bututu ke rufewa a bayan tayin, shi zai zama ƙwaƙwalwa da laka. In bai rufe da kyau ba, ana iya haifar yaro da buɗaɗɗen baya. Ƙwayar folik asid, 'yar ƙaramar nan da ake bayarwa wurin awo, ita ke rage wannan haɗari, amma sai an sha ta tun kafin ciki ko a farkonsa. Zuwa mako na 10 tayi ya kai tsawon dabino, kimanin santimita 3, an aza harsashin ƙoda, hanta, idanu da yatsu. Uwar kuwa tana can tana fama da laulayi, ƙamshin miya ma tayar mata da zuciya yake.

Mu kuma a nan, wannan ne lokacin da ake ɓoyo. Mai cikin fari tana kunyar uwar miji, ko mahaifiyarta ba za ta iya gaya wa ba. Ciwon kai ya zo, a aika yaro kemis, ko maƙwabciya ta kawo jiƙo. Kunya ado ce, ban musa ba, sai dai tayin da ake ƙera wa zuciya bai san kunya ba, kuma wasu magunguna a makonnin nan suka fi yin ɓarna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. Ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina ne, ko ƙaramin asibitin unguwa, a je.

Daga nan sai girma. Mabiyya ke ɗebo abinci da iska daga jinin uwa, ta miƙa ta igiyar cibiya. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro na son taruwa a mabiyya, ta tauye yaro ya zo ba nauyi, don haka gidan sauro ba na damina kaɗai ba ne.

Tsakanin mako 16 da 22 uwa za ta ji motsi, da farko kamar iska ce ke yawo a ciki. Can gaba yaro ya fara jin sauti, bugun zuciyar uwarsa da muryarta.

Huhu ne ke zuwa a makare. Akwai wani ruwa mai santsi da ke hana shi mannewa in an fitar da numfashi, kuma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa 36. Wannan ne ya sa bakwaini, mai nauyin kilo 1 ko sama kaɗan, ke wahalar numfashi har a sa shi a kwalba. Wajen mako 36 yawancin yara sun juya kai ƙasa, daga mako 37 kuma ba a kiran yaro bakwaini.

A watannin ƙarshen nan, yaya, ke kika fi kowa sanin motsin ɗanki. In kika ji ya ragu ko ya tsaya, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.